Ƙwallo ko lakwal?

In kaka ta wuce a ƙasar Gidan Amumune, gonaki sun zama fili. An kai hatsi rumbu, an tara kara. Da la'asar sai yara su kafa kara biyu nan, biyu can, su shiga buga ƙwallo. In ba su da ta roba, sai su dunƙule tsumma, su ɗaure da igiyar kaba. Haka ake yi a Mayahi, haka ake yi a Tasawa.

A kowane gari akwai yaron da ya fi sauran iyawa. Mutane su yi ta ce masa: "Kai, da ƙafar nan taka za ka ci abinci!" Daga nan sai tunani ya shiga ransa: ya ci gaba da karatu, ko ya bar lakwal ya bi ƙwallo? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin amsarta za ta bi shi har tsufa. Bari mu duba ta daki-daki.

Hujjar masu cewa a bar karatu

Masu wannan ra'ayi ba wawaye ba ne. Suna da hujja uku.

Ta farko, ƙarfin jiki ba ya jira. Yawancin ƴan ƙwallo suna aje wasa kafin su cika shekara 35. Karatu kuwa, in ji su, ko da furfura ana yin sa.

Ta biyu, talauci. In damina ba ta yi kyau ba, gida na bukatar mai kawo kuɗi yau, ba nan da shekara goma ba. Abin da ke sa samarinmu tafiya cin rani Kano ko Agadas, shi ne ke sa yaro mafarkin ƙwallo.

Ta uku, suna ganin masu takardun karatu zaune ba aiki. Sai su ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Suna kuma da misalai. Musa Ma'azu, haifaffen Yamai ne a 1988. Ya buga wa ƙungiyar sojoji ta AS FAN. A 2008 ya tafi ƙungiyar Lokeren ta Beljiyam, a 2009 kuma ƙungiyar CSKA ta birnin Mosko ta saye shi. Shi ne ya jefa ƙwallon da Mena ta ci Masar ɗaya da babu a Yamai, cikin watan Oktoba na 2010. A lokacin Masar ce ke riƙe da kofin Afirka. Wane yaro ne zai ji wannan labari bai yi sha'awa ba?

Mutum nawa ke isa?

Yanzu mu yi lissafi. Mutanen Nijar sun haura miliyan 25, kuma wajen rabinsu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Mena ta je gasar kofin Afirka a 2012 da 2013. Kowace tafiya, ƴan wasa 23 aka ɗauka. A cikin fili kuma 11 kaɗai ke tsayawa.

Ku dubi manomi ranar shuka. Yana zuba ƙwayoyin hatsi da yawa cikin rami guda. In sun tsiro, sai ya zo ya cire, ya bar uku ko huɗu. Ƙwallo ta fi haka cirewa. Muna jin sunan wanda ya yi zangarniya a rediyo. Dubban da aka cire, ba mai faɗin sunansu. Wanda aka cire yana da takardar karatu, yana da wurin komawa. Wanda aka cire ba shi da ita, ya yi biyu babu.

Dokar shekara 18

Akwai wata doka da ya kamata kowane yaro da kowane uba su sani. Hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta kafa ta tun 2001. Dokar ta ce ba a ɗaukar ɗan wasa daga ƙasarsa zuwa ƙungiyar wata ƙasa sai ya cika shekara 18. Akwai ƴan wuraren da aka sassauta, kamar in iyayen yaro ne suka ƙaura can don wani dalili da ba na ƙwallo ba. Amma ɗan manomin Gidan Amumune da iyayensa ke gida, dokar ta hau kansa.

Ko gwanaye ba su tsallake ta ba. Ahmed Musa, an haife shi a Jos ran 14 ga Oktoba 1992. Yana ɗan shekara 17 ya jefa ƙwallo 18 a gasar Nijeriya, yana buga wa Kano Pillars. Ba wanda ya kai shi a wannan shekara. Ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta neme shi a 2010, amma dole aka dakata har ya cika 18 kafin ya fara buga mata.

To, ku lissafa da kanku. Yaro ya shiga lakwal yana ɗan shekara 7. Firamare shekara 6 ce, ya gama yana da 13. Kwaleji shekara 4 ce, ya zauna jarrabawar BEPC yana da 17. Ke nan, in bai maimaita aji ba, zai iya riƙe takardarsa a hannu tun ƙofar waje ba ta buɗe ba. Wanda ya bar aji yana ɗan 14 bai matso da ranar tafiyarsa ba ko da kwana ɗaya. Shekara huɗu kawai ya zubar.

Wasu kan ce a sake wa yaro takardar haihuwa. Wannan ƙarya ce, kuma ana kama ta. Tun 2009, a gasar ƴan ƙasa da shekara 17, likitoci na ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun ƴan wasa. Wanda ƙashinsa ya nuna ya girma, sai a kore shi.

Masu ruɗin yara

Inda kwaɗayi yake, nan macuta ke taruwa. Wani kan zo gari da tufafi masu kyau da hotuna cikin salula. Ya ce shi dillalin ƴan wasa ne, yana da hanya zuwa Turai. Abin da yake so kawai kuɗin jirgi da na takardu. Uba ya sayar da sa, ko ya jinginar da gona. Yaro ya tafi, a yar da shi a wani birni, ba ƙungiya, ba kuɗin komowa.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2015, gidan rediyon BBC ya bayyana labarin yara 23 daga Afirka ta Yamma, da yawansu ƴan Laberiya, waɗanda aka kai ƙasar Lawos, can nahiyar Asiya. An ce musu makarantar ƙwallo za su. Da suka isa, sai suka tarar da wahala, suna kwana a ƙasa cikin ginin filin wasa.

Ga alamar da za ku riƙe: ƙungiyar gaskiya ba ta karɓar kuɗi daga hannun yaro. In tana son shi, ita ke biyan kuɗin tafiyarsa. Kuma tana bi ta hannun hukumar ƙwallo ta ƙasa, wato FENIFOOT, da ke Yamai.

A nan ma karatu garkuwa ne. Yarjejeniyar wasa da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta ta. A ciki ake faɗin shekarun aiki, da albashi, da kason dillali, da wanda zai biya magani in an ji ciwo. Wanda bai iya karatu ba, sai ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba.

Jiki ba ya alkawari

Jarin ɗan ƙwallo jikinsa ne. Jijiyar gwiwa ɗaya in ta tsinke, wasa na iya ƙarewa ran nan. Wani lokaci ma ciwon a ɓoye yake. A 1996, Nwankwo Kanu ya ci zinariya tare da ƴan Nijeriya a wasannin Olamfik na Atlanta. Yana ɗan shekara 20, duniya na yabonsa. Ba a jima ba likitocin ƙungiyar Inter Milan suka gano yana da ciwon zuciya. Sai da aka yi masa aiki a Amurka. Allah ya taimake shi, ya warke, ya koma wasa, domin babbar ƙungiya ce ke bayansa. Yaron da ya karye a filin ƙauye fa, wa zai ɗauki nauyinsa?

Ko ba ciwo, wanda ya aje wasa yana da shekara 35 yana da sauran rayuwa mai tsawo a gaba, ga iyali. George Weah na Laberiya ya gane haka. A 1995 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon duniya. A 2005 ya nemi shugabancin ƙasarsa, abokan hamayya suka yi ta yi masa gorin ƙarancin karatu, kuma bai ci ba. Sai ya koma makaranta da girmansa, ya sami digiri a Amurka a 2011. Ya mulki Laberiya daga 2018 zuwa 2024. Gaskiya ne, ana karatu da furfura. Amma Weah yana da dukiyar da zai zauna ya yi shi. Magidancin da ke neman abincin yau ba shi da wannan sarari.

Akwai kuma waɗanda suka riƙe biyun tare. Sokirates, kyaftin ɗin Birazil a gasar kofin duniya ta 1982, likita ne. Segun Odegbami, wanda ya ci kofin Afirka tare da Nijeriya a 1980, ya yi karatun injiniya a Ibadan.

Yadda ake yi a Amurka

Mutanen Amurka ma suna wannan gardama. Suna da wata irin ƙwallo mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a hannu a yi gudu da ita. A jami'o'i ake renon ƴan wasanta. Babbar gasarsu, NFL, ba ta ɗaukar saurayi sai ya yi shekara uku da gama sakandare. Bayan haka yana iya barin jami'a tun bai gama ba. Wasu na bari, suna tsoron kada su ji ciwo kafin su sami kuɗi. Amma cikin ƴan wasan jami'a 100, waɗanda NFL ke zaɓa ba su kai 2 ba. Tun 2021 an yarda ɗalibi ɗan wasa ya sami kuɗin talla yana makaranta, abin da ya rage wa wasu gaggawar fita.

Darasin kokowa

Mu ma muna da abin koyi a gida. An fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobi. Tun kakanni, bayan girbi ake kokowa. Ba a taɓa jin ƙaton da ya bar gonarsa cikin ciyawa don ya je fage ba. Sai rumbu ya cika ake kaɗa ganga. In ƙarfi ya ƙare, gona na nan tana jiran mai ita. Ga ɗan lakwal, aji shi ne gonar.

To, me ya kamata?

Ba a ce yaro ya bar ƙwallo ba. Wasa na gina jiki, yana koya haƙuri da aiki tare. Hanyar gaba ma tana nan kusa: a watan Fabrairu na 2019, a Yamai da Maraɗi aka buga gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20. Mai iyawa ya buga wa makarantarsa, ya buga wa garinsu, ya nemi ƙungiyar jaha. Gwani ba ya ɓuya.

Amma a bi abu uku. Kafin shekara 18, ba barin aji. In ya cika 18, ƙungiyar gaskiya ta zo da takarda, to ya karanta da kansa, ya nuna wa iyayensa da malaminsa, a tambayi hukuma, sannan a yanke shawara. In kuma ba ta zo ba, ƙwallo tana da wasu ƙofofi: alƙalin wasa, mai horarwa, malamin motsa jiki, mai ba da labarin wasa a rediyo. A Yamai akwai makarantar INJS, inda ake horar da malaman wasanni. Duk waɗannan ƙofofi da takardar karatu ake buɗe su.

Tambayoyi

1. Kawo hujja uku ta masu cewa a bar karatu. Wacce ta fi ƙarfi a ganinka?
2. Me dokar FIFA ta 2001 ta ce?
3. Da wace alama ake gane dillalin ƙarya?
4. Yaro ya shiga lakwal yana ɗan shekara 7, ya maimaita aji ɗaya. Shekarunsa nawa ranar da zai zauna BEPC?
5. Tambayi wani tsohon ɗan kokowa na garinku sana'ar da yake ci da ita yau. Rubuta amsarsa cikin layi biyar.