Mayafin Kananci: Yadda Masu Sauraro a Adar Ke Karɓar Littattafan Soyayya

Duk wanda ya tashi a gidan yawa a kudancin ƙasar nan ya san cewa littafin Hausa ba kasafai mutum ɗaya yake karanta shi ba. Ɗaya ke riƙe da takarda, biyar ko shida na kewaye da shi suna sauraro. Dalilin a fili yake: galibin waɗanda suka yi lakwal da Faransanci suka koyi karatu, matan gida da dama kuma allo kaɗai suka yi, don haka ƴar makarantar da bakinta ya faɗa da bokon Hausa ita ce rediyon gida. Ni ce na riƙe wannan muƙami a gidanmu da ke wani gari na Adar, tsawon manyan hutu uku, bayan sallar isha'i, a tsakar gida. Sai da na shigo sashen kimiyyar harshe na gane cewa maganganun da masu saurarona ke jefowa a tsakiyar karatu, waɗanda a lokacin nake ɗauka katsalandan ne, su kansu abin nazari ne.

Littattafan da nake nufi su ne waɗanda ake kira na soyayya, ko da yake rabinsu rikicin gida ne: kishi, auren dole, saki, gado, riƙon ɗan wani. Tushensu sananne ne. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, bayan wata gasa da ya shirya. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasan Kano suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna, wanda ya zama zakaran gwajin dafi a kasuwa. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu. A 2007 har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a a Kano, da sunan kare tarbiyyar ƴan mata. Cikin wannan taƙaddama duka, an yi ta magana a kan mai karatu, ana cewa za a ɓata shi ko za a wayar masa da kai, amma da wuya ka ga wanda ya zauna ya saurari abin da ke fitowa daga bakinsa lokacin da labari ke shigarsa. Mu da muke wannan gefe na iyaka muna da wata dama da ƴan Kano ba su da ita, domin littafin yana zuwar mana da karin harshen da ba namu ba, kuma wannan ƴar tazara tana tona abubuwa.

Bari in fara da tazarar kanta. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, marubutan nan kuma da shi suke rubutu. Bambancinsa da harshen Adar ba ya hana fahimta, amma kunne na jin sa a kowace jimla. Inda littafi ya ce suka tafi, mu sunka tahi muke cewa. Inda ya ce ta ce, a jimlar da ke ɗauke da dogaro, mu tac ce muke cewa, muna ninka baƙin da ke biye. Ƴa a wurinmu ɗiya ce, masa kuma mishi ko mai. Akwai kuma wata doka da ɗalibin tarihin harshe ya sani da sunan Klingenheben, Bajamushen da ya bayyana ta a 1928: a Hausar gabas, wasu baƙaƙe da suka zo ƙarshen gaɓa sun raunana, har na leɓe suka koma wasalin u. Shi ya sa zamna ta zama zauna, sabro ya zama sauro, ƙamna ta zama ƙauna, amre ya zama aure, alhali yamma ta riƙe tsohuwar siffa, wani wuri ma ta juya amre zuwa arme. Mai karatu ya lura da biyun ƙarshe. Kalmomin da littafin soyayya ya fi dogara da su, ƙauna da aure, suna cikin waɗanda suka fi nuna cewa mai maganar baƙo ne.

Wata rana, don in sauƙaƙa wa masu saurarona, na yi abin da na ɗauka gwaninta ce. Na riƙa juya karatun zuwa harshen gida ina tafe: suka ta koma sunka, ƙauna ta koma ƙamna. Muddin ana kan bayanin gida da kasuwa babu wanda ya tanka. Da muka iso inda saurayi ya tsaya yana bayyana wa budurwa abin da ke ransa, ban kai ƙarshen jimla ta biyu ba matar yayana ta ja gyale ta rufe fuska, ƙannena suka tuntsire da dariya, goggona kuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Ke ɗiyag ga, ki karanta shi yadda anka rubuta shi. Ba ki da kumya?" Na koma Kananci, na maimaita jimlar nan ba tare da na rage ko harafi ba, kowa ya gyara zama aka ci gaba da sauraro.

Ma'ana ba ta sauya ba tsakanin karatun biyu. Abin da ya sauya shi ne bakin da kalmomin suka yi kama da shi. Da Kananci, maganar ta wasu ce can, mutanen birni masu falo da mota. Ni mai karatu aron bakina kawai suka yi. Da Adaranci, ta zama maganar da ɗiyar gidan ke furtawa a gaban goggonta, da muryar da take gaishe ta da safe. Karin harshen baƙo ya yi aikin mayafi: ana ganin abin da ke ciki, amma an suturta shi. Wannan ba sabon abu ba ne ga mai nazarin walwalar harshe, domin an daɗe da lura cewa masu harshe biyu kan ji sauƙin faɗin abin kunya ko zagi da harshensu na biyu. Mu ma mun san samarin da ba za su iya buɗe baki su ce ina son ki da Hausa ba, amma saƙonsu na waya cike yake da sheri da sauran kalmomin Faransanci. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar tazarar da ake bukata. Ba sai an je ga wani harshe ba. M ɗaya da ta koma u ta wadatar.

Shaida ta biyu tana cikin wakilan sunan da masu sauraro ke amfani da su in za su tanka. A wuraren soyayya, da mutum na uku suke magana, kuma jam'i: su dai mutanen Kano ba su jin nauyin baki, su haka suke yi. An tura masoyan can nesa, an haɗa su da garinsu duka. Amma da labari ya shiga tsakar gida, kishiya ta yi wa uwargida habaici, ko miji ya hana cefane, sai wakilin suna ya juye zuwa mutum na biyu, tilo. Lokacin da nake karanta Alhaki Kuykuyo Ne, inda Alhaji Abdu ya auro Delu ya kori Rabi da ƴaƴanta, ba wanda ya ƙara ambaton Kano. "Allah shi isam miki, Rabi," in ji goggo, kamar tana zaune a tabarmar da ke gefenta. Shi kuwa maigidan, kai tsaye ake ce masa kai, ba Alhaji ba komai, abin da babu macen da za ta yi wa magidanci ido da ido a garinmu. Nan mayafin ya faɗi, kuma ba wanda ya nemi a ɗauko shi. Har na sake gwada dabarata ta juya karatu zuwa harshen gida a wurin wata cacar baki, ba a ko lura ba. Faɗan kishiyoyi ba ya bukatar sutura, tun da a fili ake yin sa a kowace unguwa, kuma yana da ingantaccen tsari a harshe, da habaicinsa da gugar zanarsa da karin maganarsa, wanda Kano da Tawa suka yi tarayya a kai. Zance tsakanin saurayi da budurwa shi ma tsoho ne a ƙasar Hausa, amma ba a yin sa a kunnen manya, balle a ɗora shi kan takarda a karanta da ƙarfi.

Ƙarshen wannan littafi ya raba gidanmu biyu. Bayan gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Rabi da ta riga ta tsaya da ƙafafunta da sana'ar abinci, aka matsa mata ta koma gidansa. Manya suka ce haka ya dace, don ɗiya. Matasa suka ce an cuce ta sau biyu. Aka kwana biyu ana ja. Abin da na riƙe daga gardamar shi ne ba wanda ya ce marubuciyar ta yi daidai ko ta yi kuskure. Rabi ake tuhuma ko ake karewa, da dangin da suka tilasta mata. Balaraba ba ta shigo zancen ba ko sau ɗaya, kuma ina ganin babu yabon da ya fi wannan ga mai ƙaga labari.

Akwai wuri na uku da ake tankawa, shi ne kiran suna. A al'adarmu mace ba ta faɗin sunan mijinta, iyaye kan sakaya sunan ɗan fari, suruka tana da nata laƙabi. Littattafan nan, musamman na baya-bayan nan, sun cika da Momi da Dadi da Anti, budurwa kuma takan kira masoyinta Yaya ko da babu dangantaka. Momi da Dadi dariya kawai suke jawowa, don mun san takwarorinsu a gidajen ma'aikata, inda ake cewa Papa da Tanti da Tonton. Yaya kuwa an karɓe shi hannu bibbiyu, har ana yaba hankalin yarinyar, saboda ya bi tsohuwar ƙa'ida ta kauce wa suna, ko da kalmar sabuwa ce a wannan gurbi. Amma duk amaryar da ta kira mijinta da sunansa na yanka a gaban mutane, to ta faɗi a idon goggo, kome kyan halin da marubuci ya ba ta a sauran shafuka. Da kalma ɗaya ake yanke wa tauraruwa hukunci, tun kafin labari ya nuna ko ita wace ce.

Ba kowace tazara ce ke amfani ba. Ingausa, wato cusa Ingilishi cikin Hausa, ba ta suturta kome a wurinmu, toshe hanya take yi. In jimla guda ta zo da Ingilishi, ni kaina tsallake ta nake yi, masu sauraro su ce me aka ce, in ce ban sani ba, zaren labari ya tsinke. Haka lissafin kuɗi: an ce an ba da sadaki dubu kaza, sai an tsaya an mayar da naira zuwa jaka da dala kafin a san ko angon ya yi abin kirki ko ya yi rowa. Kalmomi irin su asibiti, inda mu likita muke cewa ga wurin da ma'aikacin duka, ba su da wahala, rediyo da finafinan Kano sun riga sun shigar da su. Mayafi dai sai ya zama shara-shara. In ya yi kauri ya koma bango.

Abin da na kawo daga gida ɗaya ne, amma ana iya auna shi, kuma aikin bai fi ƙarfin kundin lisansi ba. A ɗauki shafi biyu, ɗaya na zance ɗaya na rikicin gida, a karanta kowanne da kari biyu ga rukunin masu sauraro, a naɗi abin da suka ce da izininsu, a ƙirga wakilan suna da wuraren da aka katse karatu. Hasashena shi ne a Damagaram, inda harshe ya fi kusa da Kananci, mayafin zai fi zama siriri, dariyar kunya ta fi yawa tun a karatun farko; a Dogon Dutsi da Filinge kuwa ya fi na Adar kauri. Ƴan'uwa da ke Zinder da Maraɗi su ne za su iya gaskata ni ko su ƙaryata ni.

Tambayar tana da nauyi yanzu fiye da da, domin ba masu karatu kaɗai muke ba. Amira Souley daga Maraɗi ta lashe gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2022 da labarinta Garar Biki, ƴan mata da yawa a garuruwanmu kuma suna rubuta labarai suna rarrabawa ta WhatsApp. Kusan dukansu da Kananci suke rubutu. An saba fassara wannan da cewa kasuwa suke bi, ko kuwa ƙa'idar rubutu ce ta tilasta musu, kuma akwai gaskiya a ciki. Ina zargin akwai dalili na uku: marubuciyar ma tana da goggo. Na tambayi wata abokiyar karatuna da ke irin wannan rubutu me ya sa tsofaffi da ƴan aiki a labaranta ke magana da harshen garinsu, masoya kuwa da na Kano. Ta yi shiru, ta ce ba ta taɓa lura ba, sannan ta ce in ta sa saurayin ya ce ƙamna, muryar yayanta take ji.