Ƙaramar bindiga mai gangar roba: me ya sa ba ta narkewa?

Da yawa in sun ji an ce "bindigar roba", sai su ɗauka abin wasan yara ne. A'a. A 1982 sojojin Ostiriya suka karɓi Glock 17, wadda Gaston Glock ya ƙera, mai cin harsashi 17. Gangarta da mariƙinta wata irin roba ce mai tauri, dangin nailan. Amma bututun da harsashi ke bi da ɓangaren sama mai ja da baya duk ƙarfe ne. Can zafi da matsin fashewar ke ƙarewa, shi ya sa robar ba ta narkewa.

To, mene ne amfanin robar? Ba ta tsatsa, kuma ba ta da nauyi. Glock 17 in babu harsashi a cikinta nauyinta kusan giram 700 ne, alhali Colt M1911 ta ƙarfe ta haura kilo 1. Sai dai fa, bisa dokar Newton, bindiga mara nauyi ta fi tura hannu baya idan an harba.

Batun wai na'urar filin jirgi ba ta ganinta kuwa, jita-jita ce kawai. Ƙarfen da ke jikinta ya isa ya tona ta.