Gaskiya ko Jita-jita: Sai Mota Ta Yi Tauri Take Riƙe Kwana?

Mazaunin Bowie, a gundumar Prince George's ta jihar Maryland, rabin rayuwarsa a kan titi take. Da safe ya hau US 50 zuwa Washinton ko Annapolis, da yamma ya biyo 301, ranar hutu ya bi MD 197 zuwa Laurel. Shi ya sa matasanmu na wannan yanki, 'ya'yan 'yan Najeriya da Nijar da Gana, da zarar ɗayansu ya mallaki Civic ko Golf GTI ko WRX ko tsohuwar BMW, maganar da ke fara shiga kunnensa ita ce ta koyiloba. Koyiloba shokozoba ce da aka zura cikin sifirin, jikinta da zare irin na noti, ta yadda za a murɗa mazaunin sifirin a ɗaga mota ko a sauke ta. Wasu suna da ɗan maɓalli da ake juyawa a ƙara wa shokozobar ƙarfi ko a sassauta. Kowa abu biyu yake nema a lokaci guda: mota ta bi umarnin sitiyari a kwana, kuma kada ta karya masa baya a hanyar aiki. Ana iya samun duka biyun, amma yawancin abin da ake faɗa a gareji da wajen hira yana kai mutum ga rasa su duka.

Maganar da ta fi yawo ita ce wai gwargwadon taurin sifirin, gwargwadon riƙon hanya. Wannan jita-jita ce, ko da yake akwai ɗan ƙwayar gaskiya a cikinta. Sifirin mai ƙarfi yana rage kwanciyar mota gefe guda a kwana, yana kuma sa ta amsa sitiyari da sauri, direba ya ji kamar ta ƙara kaifi. Amma abin da ke riƙe mota a hanya taya ce, kuma taya ba ta riƙe komai sai tana manne da kwalta. Aikin sifirin da shokozoba shi ne su bar ta ta bi tudu da kwarin hanya ba tare da ta rabu da ƙasa ba. A filin tsere mai sumul kamar Summit Point da ke West Virginia, tauri yana da riba. A kan hanyar da sanyi ya farfasa kuwa, mota mai tauri tsalle take yi daga wannan gargada zuwa waccan, kuma duk lokacin da tayar ke sama, birki da sitiyari ba su da iko a kanta. Mutanen Bowie sun san irin hanyar da nake nufi. A watan Maris na 2019 ramuka sun yi wa Baltimore-Washington Parkway yawa har hukumar da ke kula da ita, National Park Service, ta rage gudun da aka yarda daga mil 55 zuwa 40 a awa, tsakanin mahaɗar MD 197 da ta MD 32. An gyara wancan yanki daga baya, amma dalilin ramukan bai tafi ko'ina ba: ruwa ya shiga tsagar kwalta, ya daskare da dare, ya kumbura, ya narke da rana, kowane hunturu.

Masu sayarwa suna rubuta ƙarfin sifirin da lamba, kamar 6K ko 8K ko 10K, wato kilo nawa ake bukata a danne shi milimita ɗaya. Kilo ɗaya a milimita ya kai kimanin fam 56 a inci. Kuskure ne mutum ya ji abokinsa ya sa 8K a motarsa yana jin daɗi, shi ma ya saya. Nauyin motocin ba ɗaya ba ne, kuma inda sifirin yake zaune a jikin ƙafar mota yana canza yadda ƙarfinsa ke isa ga taya. Lamba ɗaya za ta yi laushi a wata mota, ta zama azaba a wata.

Sai maganar saukewa, wai duk yadda mota ta kusanci ƙasa haka take ƙara zama daram. A nan gaskiyar tana da iyaka, kuma iyakar ba ta da nisa. Sauke mota da inci ɗaya ko ɗaya da rabi yana kawo tsakiyar nauyinta ƙasa, wannan yana taimakawa. Da an wuce nan sai lissafin injiniyoyin da suka ƙera ta ya fara rushewa. Yawancin motocin da mutanenmu ke hawa, Camry da Corolla da Civic, gabansu tsarin MacPherson ne. Idan aka sauke irinsu da yawa, hannun ƙasa da ke riƙe taya yana karkata sama ta wajen tayar, motar ta ƙara son kwanciya a kwana, tayar waje ta daina zama da faɗinta, sitiyari ya riƙa fizga da kansa in an taka tudu. Mafi muni, tazarar da ƙafar mota ke da ita ta motsi sama tana ƙarewa. Akwai wata roba a ƙarshen wannan tazara da aka sa don ranar da aka faɗa babban rami. Motar da aka sauke fiye da kima a kan wannan roba take yini, kuma dukan da mai ita ke ji a kowace mahaɗar gada ta babban titin Beltway daga nan yake fitowa, shi kuwa yana ɗora laifin a kan sifirin. Kamfanonin Jamus irin su KW da Bilstein suna rubuta iyakar saukewa da hukumar gwaji ta TÜV ta amince da ita ga kowace mota. A ganina saman wannan iyaka ya fi dacewa da motar zuwa aiki.

Inda aka fi cin kuɗin mutane shi ne wajen maɓallin nan na ƙarfin shokozoba. Za ka ji yaro yana cewa, "Tawa mataki 30 gare ta, in zan fita da iyali in sassauta, in ni kaɗai ne in ɗaure." Yawan mataki ba ya nuna inganci. BC Racing ta Taiwan tana ba da 30 a samfurin BR, Bilstein B16 tana ba da 10, B14 da KW V1 kuwa ba su da maɓallin kwata-kwata, kamfani ya saita ya rufe, kuma babu mai cewa sun gaza don haka. Maɓallin ba ya taɓa ƙarfin sifirin. Abin da yake yi shi ne ƙuntata ko faɗaɗa wata 'yar hanya da mai ke bi a cikin shokozoba. A doguwar kwana kamar ta hawa Beltway daga US 50, motar za ta kwanta iyakar da sifirin ya bari, maɓallin saurin kwanciyar kawai yake canzawa. In aka ɗaure shi ƙarshe a kan gargada, ƙafar mota ba ta samun damar miƙewa kafin tudu na gaba ya zo, sai ta yi ta nutsewa har ta zauna a kan robar nan.

Abin da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne yadda bawul ɗin ciki yake aiki, domin a nan daɗin zama da kaifin tuƙi suke haɗuwa. Shokozoba motsi iri biyu take fuskanta. Akwai na sannu, lokacin da jikin mota ke kwanciya a kwana ko yake duƙawa wajen birki. Akwai na farat ɗaya, lokacin da taya ta faɗa rami. Mai kyau tana dagewa a na farko, a na biyu kuma bawul ya buɗe ya saki mai, dukan ya wuce bai isa kujera ba. Wannan ne Öhlins ta Suwidin ke nema da bawul ɗinta na DFV. Don haka wata jita-jitar ma ta faɗi, wadda dattawanmu suka fi riƙewa, cewa duk koyiloba kashe daɗin mota take yi. Mai inganci, da sifirin matsakaici, da tazara isasshiya, tana iya fin tsohuwar shokozobar da ta gaji daɗi nesa ba kusa ba. Sai dai irin wannan tana kaiwa dubban daloli, wadda ake tallata wa a 'yan ɗaruruwa kuwa, araha ba ta ado. A kuma duba mazaunin saman koyilobar. Na ƙarfe zalla yana shigo da ƙara da karkarwa cikin mota, na roba yana shanye su. Mai ɗaukar fasinja a Uber ko Lyft, na roba ne nasa.

Wai sa koyiloba yana soke garantin mota gaba ɗaya? Jita-jita. Dokar tarayya ta Magnuson-Moss ta 1975 ba ta yarda a soke garanti don kawai an sa kayan wani kamfani ba, sai an nuna kayan ne ya jawo lalacewar. In na'urar sanyi ta mutu, babu ruwan koyiloba. In bushin ko boris ɗin taya ya ci bayan an sauke mota sosai, dila yana da hujja. Ta fuskar duba lafiyar mota, Maryland tana yin nata ne lokacin da za a yi wa motar hannu rajista, Virginia kuwa kowace shekara, don haka mai shirin komawa Alexandria ko Woodbridge ya lissafa da wannan. A sanar da kamfanin inshora ma.

Ba a ɗaura koyiloba a manta. Gishirin da ake watsa wa hanyoyin Maryland lokacin dusar ƙanƙara yana cin zaren jikinta, hunturu biyu kawai noti ya ƙi motsi ko da an sa ƙarfi. Jikin KW na ƙarfen da ba ya tsatsa an yi shi ne saboda haka, sauran kuwa suna son wanki da man hana kamewa kafin sanyi ya shigo. Bayan ɗaurawa dole a yi alaimen, a gyara saitin fitilun gaba, a ɗaure notin bushin motar tana tsaye a kan tayoyinta. Kuma shokozoba tana gajiya, shi ya sa yana da kyau a san inda za a sabunta cikinta. Kamfanin koyiloba na Fortune Auto, misali, a Powhatan yake, kusa da Richmond.

Wanda ke son sanin ko motarsa ta ƙara kaifi da gaske, ba titin jama'a ne wurin gwaji ba. Ƙungiyoyin masu motoci sun sha shirya gasar zagaye robobin alama a filin ajiye motoci na Prince George's Stadium a nan Bowie, inda agogo ke yanke hukunci. A irin wannan wuri mutum ke gane cewa tayoyi masu kyau sukan rage daƙiƙu fiye da koyiloba, kuma ga mutane da yawa sabuwar shokozoba ta Bilstein ko Koni da sifirin Eibach ta wadatar, a kuɗi kaɗan.

Duk abin da aka zaɓa, kada a zubar da kayan asali da aka kwance. Motoci da yawa na wannan yanki ta tashar jiragen ruwa ta Baltimore suke ƙarewa a Kwatano ko Legas, daga nan su hau zuwa Kano ko Maraɗi, inda bakanike ɗaga mota yake yi saboda tudun rage gudu da zaizayar damina. Motar da aka sauke don US 50 ba za ta shiga lungun Kurna a Kano da salansarta lafiya ba, kuma samun sifirin koyiloba daidai da nata a kasuwar Ƙofar Ruwa zai fi samun na asali wuya. A zuba tsofaffin a kwali, a rubuta na gaba da na baya, su bi motar duk inda za ta.