Kamfas ɗin jirgi marar matuƙi: a duba shi tun yana ƙasa

A 1929 layin dogon da ya taso daga Legas ya iso Ƙaura Namoda, nan kuma ya tsaya. Duk mai ɗaukar hoto ko awon gona da ya ajiye jirgi marar matuƙi kusa da waɗannan ƙarafa ya jawo wa kansa matsala tun farfela ba ta juya ba.

GPS yana sanar da jirgin inda yake. Sanin inda ya fuskanta kuwa aikin kamfas ne, 'yar na'ura mai jin maganaɗisun ƙasa, irin wadda ke cikin wayar da muke neman alƙibla da ita. Maganaɗisun duniya ba shi da ƙarfi, tsakanin mikrotesla 25 da 65 yake, namu na arewacin Najeriya ma yana wajen ƙasa-ƙasa. Rodin da ke cikin daɓen siminti, rufin kwano, jikin mota, lasifikar biki, taransifoma, kowanne yana iya rinjayarsa. Jirgin da ya tashi da kamfas a karkace zai yi ta gyara kansa ta inda bai kamata ba, ya shiga zagaye, da'irar tana ƙara faɗi, har ya daki bishiya ko ya ɓace.

Gwajin ba wuya. A wajen Ƙaura Namoda alƙibla tana kimanin digiri 70 daga arewa zuwa gabas. A juya hancin jirgin can, a duba ko kibiyar da ke allo ta yarda, sannan a juya shi da hannu a ga ko tana bi.

Idan gargaɗi ya fito, kada a yi gaggawar sake saita kamfas. Nan ne haɗarin yake, domin saiti a kan kankare mai rodi koya wa jirgin ƙarya ne, wadda za ta tonu da zarar ya yi nisa da ƙarfen. A fara komawa fili mai ƙasa zalla, a ajiye makullai da waya gefe. In gargaɗin ya ɓace, laifin wurin ne. In bai ɓace ba, sai a saita: a juya jirgin a kwance zagaye guda, sannan hanci ƙasa zagaye guda.

A Zamfara abin ya wuce asarar kuɗi. A Maris 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a samaniyar jihar saboda tsaro, kuma tashin jirgi marar matuƙi don aiki yana buƙatar izinin hukumar NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Jirgin da ya kuɓuce ya bi ta kan ƙauye tsakanin Shinkafi da Zurmi yana iya tarwatsa kasuwa, mata su kwashi 'ya'ya su nufi daji.