Daga Gidan Sori Zuwa Kano: Akwatin Shushaina Na Neman Hanyar Shiga Ɗakin Uwargida

Duk ɗan kasuwa ko 'yar kasuwar da ke sammakon buɗe rumfa a Sabon Gari ta Kano, ko babbar kasuwar Katsina, ko ta Maradi, ya san wannan ƙara ta ƙwas-ƙwas-ƙwas da ke ratsa layi tun kafin rana ta ɗaga. Mai shushaina ke nan yake buga akwatinsa da bayan buroshi, don ya sanar da masu takalma cewa ga shi ya iso. Da yawa daga cikin waɗannan samari 'yan ci-rani ne, wasu daga ƙauyukan arewacin Nijeriya, wasu kuma daga ƙetaren iyaka, wato jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, daga yankunan Agye da Gazawa da Gidan Rumji.

Gidan Sori na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin karkara da ke gundumar Gidan Rumji, a ƙasar Gobirawa, ba nisa da Tibiri. Mutanen wannan yanki manoman gero da dawa da wake da gyaɗa ne, kuma damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu ba. Da zarar an kai amfanin gona rumbu, sai majiya ƙarfi su ɗaure 'yan komatsansu su nufi birane neman abin da za a cike giɓin shekara da shi. Wani ya tura baro, wani ya sayar da ruwa ko shayi, wani ya yi yankan farce, wani kuma ya nemi kafinta ya haɗa masa ɗan akwati ya shiga yawon gyaran takalma, domin sana'a ce da jarinta bai taka kara ya karya ba.

To, maganar da ta sa muka waiwayi wannan akwati ita ce, a 'yan shekarun nan kantuna sun fara cika da wasu ƙananan na'urori na goge takalmi a gida, galibi daga ƙasar Sin. Akwai mai aiki da batir, akwai wanda ake yi wa caji kamar wayar salula, akwai kuma ɗan soso a cikin gidan roba wanda da an shafa sai takalmi ya hau ƙyalli nan take. Wanne ne daga cikinsu ya dace da gidajenmu, kuma idan maƙeranmu da kafintocinmu za su ƙirƙiro namu na gida, yaya ya kamata ya kasance?

Kafin a kai ga na'ura, ya kamata a san abin da ke cikin gwangwanin man takalmi. Abubuwa uku ne: kaki, da wani ruwa mai saurin tashi irin dangin kananzir wanda ke tausasa kakin, sai kuma launi. Idan aka shafa man, ruwan nan sai ya bi iska ya bar kakin a jikin fata. Gugar da ake yi da buroshi ita ke ɗan ɗumama kakin ta baje shi ya yi sumul, shi ne ido ke gani a matsayin ƙyalli. Ke nan aikin hawa uku ne: a kakkaɓe ƙura, a shafa mai kaɗan a jira 'yan mintoci ya sha iska, sannan a goge. Wannan jira na tsakiya babu injin da zai yi wa mutum shi, kuma shi ne abin da masu gaggawa suke tsallakewa, su wayi gari takalmi ya yi danƙo yana kwasar ƙasa.

Shi man Kiwi da kowa ya sani, wani mutum mai suna William Ramsay ne ya fara yin sa a birnin Melbon na ƙasar Ostireliya a shekarar 1906, ya kuma sa masa sunan tsuntsun nan na ƙasar Niyu Zilan saboda matarsa 'yar can ce. Sojojin Ingila ne suka yaɗa shi a duniya lokacin yaƙin duniya na farko da na biyu, kuma ta hanyar bariki da makarantun boko da ofisoshin Turawa al'adar goge takalmi ta zauna a ƙasar Hausa. Kamfanin SC Johnson na Amurka ya sayi sunan Kiwi a 2011. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a farkon 2023 jaridun Ingila suka ba da labarin cewa kamfanin ya daina sayar da man a can ƙasar, saboda mutane sun koma sa kambas da takalman shan iska, ba su damu da gugar takalmi ba. Wato waɗanda suka kawo mana abin sun fara yada shi, mu kuwa har gobe ango ba ya zuwa ɗaurin aure da takalmi buɗu-buɗu.

Idan aka dubi akwatin mai shushaina da idon basira, za a ga cewa an riga an warware rabin matsalar da masu zanen na'urori ke fama da ita. Tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. Mariƙin da ke samansa shi ne kuma matakin da mai takalmi ke ɗora ƙafa. Cikinsa na ɗauke da gwangwanayen mai, da buroshi, da tsumma, da basilla, da zare, da gam, da ƙananan ƙusoshi. Jikinsa ganga ce ta kiran masu ciniki, idan gajiya ta zo kuma ya zama kujera. Babu wanda ya san sunan wanda ya fara tsara shi, amma da wuya a sami wani kayan aiki da ya haɗa amfani biyar a ɗan wuri irin wannan.

Na'urar lantarki kuwa, irin wadda ake gani a ƙofar manyan otal-otal, buroshi ne mai zagaye da injin ke juyawa. Tana da kyau ga wanda ke da wuta a kai a kai. Amma mafi yawan ƙauyukan Nijar wutar kamfanin Nigelec ba ta kai gare su ba, ko a birane ma mutanen Maradi ba su manta da abin da ya faru ba bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Gidan da ake biyan kuɗi a kai waya caji wurin mai sola, ba za a ƙara masa wani abin caji saboda takalmi ba. Ƙananan masu batir ɗin kuma injinsu ba ya da ƙarfi, da an ɗan danna buroshin a jikin fata sai ya tsaya, ga shi idan ƙurar hunturu ta shiga cikinsu babu mai gyara.

Wani zai ce to a yi mai juyawa da hannu mana, tunda maƙeranmu sun daɗe da mayar da ƙafar tsohon keke ta zama abin hura wuta a madadin zuga-zugi. Dabara ce mai kyau a baki, sai dai tana bukatar hannu uku: ɗaya ya juya, ɗaya ya riƙe takalmi, ɗaya ya danne na'urar kada ta gudu. Sai fa in za a kafe ta a jikin benci, ko a yi mata abin takawa irin na keken ɗinki, to a nan kuma ta tashi daga ƙaramin abu ta zama kayan shago. A ganina wannan ta fi dacewa da mai shushainan da ya sami wurin zama na dindindin a bakin tasha ko ƙofar ma'aikata, wanda ke goge takalma masu yawa a jere.

Shi kuma ɗan soson nan mai sa ƙyalli nan take, yawancinsa wani mai ne da ake kira silikon a ciki, wanda ke kwanciya a saman fata kawai. Yana fitar da mutum kunya idan baƙi sun yi sallama ba shiri, amma ba ya ciyar da fatar, ga shi ƙura na son sa. A watan Disamba ko Janairu, kafin mutum ya isa bakin titi ƙyallin ya koma toka-toka.

Saboda haka abin da ya fi kama hankali shi ne a rage girman akwatin mai shushaina ya dawo daidai ajiyar ɗaki, a kuma gyara shi bisa yanayinmu. Na farko dai a yi shi da katako, kada a yi da kwano ko langa-langa, domin a watannin Afrilu da Mayu zafi a yankin Maradi da Katsina kan haura digiri 40, ƙarfe kuwa na jan zafi, man ya yi ruwa ya tsiyaye ko ruwan cikinsa ya tashi ya bar shi a tsattsage. Murfin ya zama mai zamewa cikin kwarmi, wanda ke rufe ruf, don ƙura da hannun yara. A raba cikin gida biyu, ɓangaren baƙi da ɓangaren ruwan ƙasa, kowanne da buroshinsa na shafawa. Duk matar da ta taɓa ganin yadda buroshin baƙin mai ya ɓata jan takalmin maigida ana shirin tafiya Idi ba ta bukatar a yi mata dogon bayani. Wanda ba ya son ɗawainiyar launi biyu sai ya nemi man da ba shi da launi, wanda ke shiga kowane takalmi.

Abu ɗaya da akwatin gida ke bukata wanda na titi bai damu da shi ba shi ne ƙafar katako. A titi ƙafar mai takalmin ce ke ciki tana riƙe da shi, ko kuma mai gugar ya zura hannunsa ya saba. A gida kuwa sau da yawa yaro ko yarinya ake sa wa aikin, takalmin na ta zillewa. Idan kafinta ya sassaƙa ɗan itace mai siffar ƙafa ya kafa shi a kan murfin, sai a kifa takalmin a kai, hannu biyu su sami damar jan tsumma. Sauran kayan duk akwai su a gida: tsohon buroshin haƙori don shiga lungun ɗinki, da yankin tsohuwar singileti ta auduga don gugar ƙarshe. Buroshin da ya fi fitar da ƙyalli na gashin doki ne, na roba kan yi tauri ya karce fata mai laushi.

Batun karce fata ba ƙaramin abu ba ne a wannan yanki, domin nan ne gidan jar akuyar Maradi, 'yar uwar jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna a duniya saboda laushi da ƙarko. Tun zamanin fataken Sahara ake kai irin wannan fata arewacin Afirka, Turawa su saya a can suna kiran ta fatar Maroko. Majemanmu na jeme ta da bagaruwa, dukawa na Ƙofar Wambai a Kano da na Maradi da Damagaram suna ɗinka takalma da jakunkuna da ita. Irin wannan fata ta fi son a riƙa shafa mata ɗan man kaɗanya jefi-jefi don kada hunturu ya busar da ita ta tsage. Wasu kan narka kakin zuma su gauraya da man su yi nasu na gida, kuma yana aiki, sai dai kakin zuma na narkewa tun a wajen digiri 62 zuwa 64, alhali kakin karnuba da kamfanoni ke sawa, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya a Burazil, sai ya haura digiri 80. Shi ya sa na gida ya fi saurin yin laushi a rana, ƙyallinsa kuma bai kai na kanti ba. A kula kuma, na kanti yana kama wuta, don haka a nisanta akwatin da murhu da fitilar kwai, a kuma bar dabarar nan ta kunna wa gwangwani ashana don man ya narke.

Ga 'yar kasuwar da ke tunanin sa wannan kaya a tebur, sai ta fara duba ƙafafun masu wucewa. A ƙauye irin Gidan Sori silifa da takalmin roba da fade sun fi yawa, kuma roba ruwa da sabulu take so. Takalmi sau-ciki na fata yana ƙafar malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da jandarmomi da 'yan sanda, da ɗalibai, da angwaye. Lokacin cinikinsa ma sananne ne: komawa makaranta, wato Satumba a Nijeriya da Oktoba a Nijar, sai jajibirin Sallah ƙarama da babba, sai kuma bayan kaka da ake yawan bukukuwa. Ya kamata mai sayarwa ta riƙa gaya wa masu saye gaskiya cewa takalmin leda mai kama da fata ba ya shan mai, haka nan fata mai gashi-gashi man na ɓata ta ne gaba ɗaya. Mai ɗinkin lefe da mai haɗa kayan ɗaki su ma abokan ciniki ne, tunda akwatin ango ba ya rasa takalmi.

Saura tambayar da ta fi nauyi: idan kowane gida ya mallaki nasa, ina makomar yaron da ya baro Gidan Rumji da akwati a kafaɗa? Ba sana'ar rainawa ba ce, Lula da Silva da ya shugabanci Burazil daga 2003 zuwa 2010, ya kuma dawo a 2023, ya yi gugar takalma yana yaro. Kuma waɗannan samari sun riga sun sha wuya, domin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar daga 2023 zuwa Maris na 2024, hanyar Dan Isa zuwa Jibiya ta zama sai ta ɓarauniya, ga faɗuwar darajar Naira a kan Sefa ta rage kimar abin da suke aikawa gida.

Amma wanda ya zauna kusa da mai shushaina na awa ɗaya zai lura cewa guga ba ita ce ke kawo masa kuɗi mai kauri ba. Ɗinkin silifar da ta tsinke, da liƙe tafin takalmin da ya ɓaɓɓake, da sa sabon dunduniya, da gyaran hannun jakar 'yan makaranta, su ne cinikin, kuma babu akwatin gida da zai yi waɗannan. Bugu da ƙari, shi ne ya fi kowa sanin gidajen da ke da takalman fata a unguwa, da irin man da ke jure zafi, da kafintan da ke yin akwati da rahusa. Idan mai shago ta haɗa kai da shi, ta ba shi ƙananan akwatuna uku ko huɗu ya rataya tare da nasa a kan lada, zai sayar ya kuma riƙa zagayowa yana kawo sabon gwangwani duk lokacin da na gidan ya ƙare.