Ina Za A Ajiye Bindigar Soja?

Yawancinmu za mu zaci bakin dāga ne kaɗai ke cinye rayukan sojoji. Amma a shekarar 2012, ana tsakiyar yaƙin Afganistan, sojojin Amurka 349 suka kashe kansu, alhali kuwa waɗanda suka mutu a Afganistan cikin shekaran nan 295 ne. A 2023 Ma'aikatar Tsaro ta ƙasar ta ƙidaya 523, har da sojojin ko-ta-kwana. Wajen kashi biyu cikin uku nasu da bindiga suka yi. Abin da zai ƙara ba mai karatu mamaki kuwa shi ne, galibi da bindigar da suka saya da kuɗin aljihunsu ne.

Sai mu bayyana wannan tukuna. Sojan Amurka yana iya zama da bindiga iri biyu. Ta gwamnati tana kwana a ma'ajiyar makamai ta bariki, ana ƙirga ta, ba ta fita sai da sa hannu. Wannan ba wanda ke gardama a kanta. Ɗayar kuwa tasa ce. Tun 1791 tsarin mulkin Amurka ya ba ɗan ƙasa ikon mallakar makami, soja kuma ɗan ƙasa ne. Yana iya saye a kantin gari, har ma waɗansu kantunan cikin bariki suna sayarwa. Masu iyali da yawa suna zaune a hayar cikin gari, nesa da idon hafsoshinsu. A nan bindigar takan kwana cikin aljihun tebur kusa da gado, sau da dama da harsashi a ciki. A kan wannan ta biyun ne ake ta ja-in-ja shekara da shekaru.

Gardamar ta yi zafi bayan ran 5 ga Nuwamba 2009, sa'ad da wani manjo likita mai suna Nidal Hasan ya harbe mutum 13 a barikin Fort Hood na jihar Teksas, da ƙaramar bindigar da ya saya a wani kanti cikin gari. Bayan wannan sai waɗansu kwamandoji suka nemi sojojinsu su rubuta kowace bindiga da suke da ita, ko da a gidan haya take. Ƙungiyoyin masu bindiga suka tashi tsaye. Sanata James Inhofe na jihar Oklahoma ya kai maganar majalisa, a farkon 2011 kuwa aka kafa doka wadda ta hana hukumar soja tattara labarin bindigogin da sojoji suka ajiye a wajen bariki. Hafsoshi da yawa suka ɗauka ko tambaya ma an hana su. Janar Peter Chiarelli, mataimakin babban hafsan sojan ƙasa a lokacin, ya yi kuka da wannan a fili, gama kwamanda yana ganin yaronsa cikin matsanancin baƙin ciki amma yana tsoron ya tambaye shi ko akwai bindiga a gida. Sai a Janairu 2013 aka gyara dokar, aka ce kwamanda ko likita yana iya tambaya in yana da dalilin ganin soja na cikin hatsari.

To, me ya sa tambayar nan take da muhimmanci haka? Ai mutane sukan ce wanda ya yi niyya ya yi niyya, in ka ɓoye bindiga zai nemi wata hanya. Binciken likitoci bai goyi bayan wannan magana ba. A birnin Houston an tambayi matasa 153 waɗanda suka yi ƙoƙarin kashe kansu suka tsira da ƙyar. Wajen ɗaya cikin huɗu ya ce tsakanin yanke shawara da aikatawa bai kai minti 5 ba. Wato abin yakan zo ne kamar guguwa: faɗa da mata, takardar bashi, tuhuma a wurin aiki, ga kuma giya a ciki. Guguwar takan wuce. Cikin mutum 10 da suka tsira, wajen 9 ba su komawa su mutu ta wannan hanya. Amma bindiga ba ta barin mutum ya sake tunani, gama cikin 10 da suka ɗauke ta wajen 9 ba su tashi.

Isra'ila ta gwada abin a aikace. A can samari da 'yan mata sukan shiga soja tilas suna da shekara 18, kuma al'ada ce su tafi gida hutun ƙarshen mako da bindigarsu a kafaɗa. A 2006 hukumar soja ta ce a riƙa barin bindiga a bariki. Kafin wannan, daga 2003 zuwa 2005, wajen soja 28 ke kashe kansu kowace shekara. A 2007 da 2008 adadin ya sauka zuwa wajen 16 ko 17, ragin kashi 40 cikin 100 ke nan. Da masu bincike suka duba sosai, sai suka ga galibin ragin na ranakun hutu ne. Na sauran ranakun mako bai sake ba. Samarin suna nan da damuwarsu yadda take, bindigar ce kawai ta yi musu nisa na kwana biyu.

Ƙasar Suwizalan ma, inda soja ke ajiye bindigar gwamnati a gidansa, ta daina ba su harsashin kaiwa gida a 2007. Amma da aka jefa ƙuri'a a Fabrairu 2011 a kan a mai da bindigogin ma'ajiya tilas, kashi 56 cikin 100 suka ƙi.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗanda suka ƙi a Amurka marasa tausayi ne. Suna da hujja. Sojan yakan ce an amince masa da manyan makamai a Iraƙi yana ɗan shekara 19, don me za a hana shi ƙaramar bindiga a ɗakinsa? In an tura shi ƙasar waje watanni tara, matarsa da yara su kaɗai ne a gida, bindigar da ke kulle kuwa ba ta korar ɓarawo da tsakar dare. Waɗansu kuma suna tuna Yuli 2015, sa'ad da wani ɗan bindiga ya kashe sojoji 5 a Chattanooga, suna cewa ƙarin makamai ake bukata a hannun sojoji. Hujjarsu mafi ƙarfi, a ganina, ita ce wannan: in soja ya san faɗin damuwarsa zai sa a karɓe bindigarsa, a kuma ɓata masa takardar aiki, sai ya yi shiru. Shirun nan kuwa shi ne ke kisa.

A 2022 Sakataren Tsaro na lokacin, Lloyd Austin, ya naɗa kwamitin masana. Cikin Fabrairu 2023 suka kawo shawarwari 127. A ciki suka ce kada a sayar wa wanda bai kai shekara 25 ba bindiga a kantin bariki, mai saye kuma ya jira kwana 7 kafin a miƙa masa, harsashi kuwa kwana 4. A Satumba Austin ya karɓi shawarwari da yawa, amma ya bar waɗannan. Maganar shekara 25 tana da wuyar kārewa, tun da kurtu ɗan shekara 20 yana iya fita gari ya saya. Amma kwana 7 fa? Mai farauta ba ya asarar kome don ya jira mako ɗaya, ga wanda guguwa ta kama kuwa mako ɗaya ya isa gari ya waye masa sau bakwai. Ina ganin an yi sakaci da aka bar wannan.

Da hanyar doka ta toshe, sai aka koma ga kwaɗo da lallashi. Hukumar kula da tsofaffin sojoji takan raba makullin bindiga kyauta, wata igiyar ƙarfe ce da ake zurawa ta cikin bindigar a kulle. Ana koya wa iyalai su cire harsashi su ajiye shi wani wuri dabam, a lokacin wahala kuwa maigida ya ba matarsa ko amininsa mabuɗin, ko ya kai bindigar ajiya har hankalinsa ya kwanta. Wannan yana kāre yara ƙanana kuma, waɗanda ba abin da ke ɓoyuwa gare su a cikin gida. Tun Yuli 2022 soja ko iyalinsa a Amurka suna iya buga lamba 988 su danna 1, a haɗa su da mai ba da shawara dare ko rana.

Wani masani mai suna Michael Anestis ya gwada hanyan nan da sojojin ko-ta-kwana 232 masu bindiga a jihar Mississippi, aka buga sakamakon a 2021. Ba a umarci kowa ba. An zauna da waɗansu ne 'yan mintoci, aka tambaye su yadda suke ajiya da abin da suke tsoro, aka ba waɗansu makulli. Bayan wata 6 aka koma, aka tarar waɗanda aka zauna da su ko aka ba makulli sun fi sauran kulle bindigoginsu.