Akwatin Gyaran Sauti: Daga Teburin Mai Gyara Zuwa Kamfani

Duk wanda ya halarci biki a garuruwan Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu, daga Madani zuwa Sinnar da Mai Wurno, ya san ba mawaƙi kaɗai ke cin kasuwa ba. Akwai mai lasifika, akwai mai janareta, akwai kuma yaron da ke zaune gaban na'ura yana murɗa maɓallai don murya ta yi amo. Ko a wurin maulidi da madahu haka abin yake. Jama'armu sun daɗe a harkar sauti a Sudan: tun a 1942 A'isha Falatiya ta fara rera waƙa a gidan rediyon Omdurman. Sai dai kayan aikin daga waje suke zuwa, namu saye da haya. To, su masu ƙera su, yaya suka fara?

Abin da ake magana a kai ɗan akwati ne da bai wuce littafi girma ba. Ana jona makirufo ko jita ta gefe ɗaya, lasifika ta ɗaya gefen. Na da, aiki ɗaya kowanne ya iya. Na yanzu kuwa ƙaramar kwamfuta ce a cikinsa, ana loda masa manhaja: yau ya yi amsa-amo kamar a cikin kogo, gobe ya ɗaga murya ko ya sauke ta, kamar yadda makaɗi ke matsa kalangu a hammata. Akwati ɗaya, aikin goma.

Manyan kamfanonin kayan kiɗa ba da hannu da shuni suka faro ba. Ikutaro Kakehashi na ƙasar Japan da gyaran agogo ya fara, ya koma gyaran rediyo a Osaka, sai a 1972 ya kafa Roland. Kamfanin Korg kuwa haɗin gwiwa ne irin wanda muka sani a kasuwa, mai jari da mai sana'a. Tsutomu Katoh ɗan kasuwa ne a Tokyo. Wani makaɗi da ya karanci injiniyanci, Tadashi Osanai, ya ce masa zai iya ƙera na'urar ganga da ta fi wadda yake amfani da ita. Katoh ya zuba kuɗi, a 1963 na'urarsu ta farko ta fito.

Amma ba kullum ake kwana a gado ba. Gianfranco Ceccolini ɗan Brazil ne, ɗan ci-rani kamar mu, wanda ya kai kamfaninsa MOD Devices birnin Berlin na Jamus. Akwatinsa a buɗe yake, kowa na iya rubuta masa manhaja. A 2014 ya tara kuɗi ta intanet daga hannun masu son saye, ya ƙera MOD Duo. A 2020 ya sake karɓar kuɗin jama'a don wani sabon samfuri. Sai ga annobar korona, 'yan ƙananan sassan kwamfuta suka yi wuyar samu a duniya, farashinsu ya tashi. A 2022 kamfanin ya karye, da kuɗin mutane a wuyansa. Masu amfani da kayansa ne suka taimaka aka farfaɗo da shi da sunan MOD Audio.

Wannan darasi ya shafe mu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya kuma iso Madani a Disamban shekarar, iyalai da yawa sun watse, jari ya karye. Abin da ya rage a hannun maigida ba na caca ba ne. Idan ɗanka mai gyaran waya ko amfulifaya ya zo maka da maganar ƙera na'ura, kar ka kore shi da "wasan banza", kar kuma ka sayar da gona don shi.

Ka ce ya fara da gyara da bayar da haya, domin a nan zai gane abin da ke yawan lalacewa: ƙura, zafi, da wutar janareta mai hawa da sauka. Na'urar da ta jure waɗannan, ta kuma yi aiki da batir ko hasken rana, tana da kasuwa ko da ta Turai na kusa. Ya ƙera guda ɗaya, ya ba masu kiɗan biki su gwada, su faɗi aibinta. Kowane sashe da zai saya, ya san dillalai biyu da ke kawo shi. Kuma kar ya karɓi kuɗin kowa sai sassan sun shigo hannunsa.

Abin da ya fi ba masu ƙira na Turai wahala, wato kai kaya hannun mai saye, shi ne gadonmu. Kawu a Kano, ƙane a Jidda, suruki a Gadarif: hanyar fatauci a shimfiɗe take. Saura a samu yaron da zai zauna da ƙarfen dalma, da uban da zai yi haƙuri da shi.